Kaza da 'Ya'yanta da Yaranmu na Karaye da Rogo

Jama'a, duk wanda ya taso a Karaye ko Rogo ya san Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri guda a daren sanyi. To a cikinsu ne masana a tsibirin Tenerife na Sifaniya suka gano Teide 1 a 1995, ɗaya daga cikin wadannin taurari na farko da aka tabbatar. Wadan tauraro ya ninka duniyar Jufita nauyi sau 13 zuwa kusan 80, amma bai kai ya riƙe wuta irin ta rana ba. Madubin hangen da aka fara ganinsa da shi faɗinsa santimita 80 ne kacal.

A wuraren da ake haihuwar taurari, kamar gajimaren Oriyon, hasken jariran wadannin nan ba ya zama ɗaya. Iskar gas da ƙura na zubo musu daga faifan da ke kewaye da su, ga tabo a jikinsu, suna juyawa hasken na hawa yana sauka. Da auna shi dare bayan dare ake sanin awa nawa suke ɗauka su juya, da ko har yanzu suna girma.

Abin da nake so mu lura shi ne, jarin wannan aiki haƙuri ne da rubuta lissafi. Yaranmu ba za su ga wadan tauraro da ido ba, amma za su ga Algol, wanda haskensa ke dusashewa kusan duk kwana 2 da awa 21. Ƙungiyar AAVSO ta Amurka tun 1911 take karɓar irin wannan awo daga masu sha'awa. Mu kuma rashin wutar da muke kuka da shi ya bar mana sararin da ɗan birni ba ya samu, musamman a Nuwamba kafin hazo ya yi ƙarfi.

Na san wani zai ce ko kujeru babu, ana zancen taurari. Gaskiya ne. Amma da Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, ai ba don an gama da talauci ba ne, ga likitoci da injiniyoyin da suka fito.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu: madubin hange ɗaya a sakandare ɗaya, da malami ɗaya da za a tura Jami'ar Bayero ya koyo amfani da shi. Yaron da ya iya auna abu ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, ko asibiti ya je ko ofis, zai amfane mu.

Allah Ya sa mu dace.