Kafin a kira rediyo, a je sakatariya

Duk mai sauraron gidajen rediyonmu ya haddace maganar nan: "Muna kira ga gwamnati da ta dubi girman Allah ta kawo mana ɗauki." Wani lokaci dattijo ne da iska ta yaye rufin firamaren ƙauyensu tun daminar bara, wani lokaci matashi ne da kwalbatin unguwarsu ya cushe har ruwa yana kwana a ɗakunan mutane. Kukan nasu gaskiya ne, kuma yana sosa zuciya. Amma da ɗan jarida zai ƙara musu tambaya ɗaya, ya ce wace gwamnatin kuke nufi, kuma wane ofishi kuka kai wa takarda, da yawa za su yi shiru. An dai faɗa wa mai unguwa da baki, an tare kansila a wurin ɗaurin aure an yi masa bayani ya ce in sha Allahu, daga nan sai aka kira rediyo.

Ba raina rediyo nake yi ba. Shirye-shirye irin su Inda Ranka na gidan rediyon Freedom a Kano da Berekete Family na Ahmed Isah a Abuja sun share wa mutane da dama hawaye, kuma jami'in da ba ya tsoron talaka yakan ji tsoron a ambaci sunansa gari ya ji. Sai dai magana in ta fita ta wuce. Jami'in da ya ce bai saurari shirin ba, ba ka da abin da za ka kama shi da shi. Shi ya sa nake ganin babban abin da ya kamata mu koma wa shi ne takardar koke a rubuce, wadda aka kai ofishin da ke da alhakin abin, aka kuma karɓo kwafinta da hatimin karɓa a kai.

Matakin farko shi ne sanin mai alhaki, domin a nan ne koke da yawa yake ɓata tun kafin ya bar gida. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun shugabanni, kuma Jadawali na Huɗu ya jera ayyukansu ɗaya bayan ɗaya: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, titunan cikin gari da fitilunsu, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, sannan da sa hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, kuma a Kano kaɗai akwai mazaɓu 484, kowace da kujerar kansilanta. Ke nan lambatun da ya toshe a bayan gidanka ba aikin Shugaban Ƙasa ba ne, akwai mutumin da ake biya albashi dominsa a sashen ayyuka na sakatariyar da babur zai kai ka. Haka kuma in babbar hanyar Kano zuwa Zariya ce ta lalace, ciyaman ba shi da ta cewa, wannan ta Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ce. In tiransifoma ce ta ƙone, tun 2013 rarraba wuta ya koma hannun kamfanoni, su za a fara rubuta wa. Rufin makaranta kuwa ta hannun hedimasta da kwamitin iyaye zai bi, zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Bari in tsaya a kan ita kanta takardar, domin mutane suna ɗaukarta abu mai wuya. Shafi ɗaya ya isa. A sa kwanan wata, a rubuta ta zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, a faɗi sunan unguwa da layi da mazaɓa, a faɗi abin da ya lalace da tun yaushe, da yawan gidajen da abin ya shafa. A nemi abu ɗaya tak. Takardar da ta haɗa kwalbati da asibiti da neman aiki ga matasa da kujerar Makka, babu sashen da zai ce tasa ce, sai ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. A lika hoto ko biyu, a sa hannun mutane goma ko ashirin da lambobin wayarsu, mai unguwa ya sa nasa hannun, limami ma in ya yarda. Ba sai an cika ta da kirari da fadanci ba, ladabi ya wadatar. Ba kuma dole ba ne sai da Turanci, Hausa mai kyau ta fi Turancin da mai shagon kwamfuta zai kwafo daga tsohuwar takardar wani.

Sai a buga kwafi uku. A je ofishin rajista na sakatariya, ɗakin nan mai tarin fayil-fayil da babban littafi a kan teburin akawu. A miƙa masa, ya shigar a littafin, sannan a ce ya buga hatimin karɓa a kan kwafinku, ya sa hannu da kwanan wata. A nan ne ake yawan yin sakaci. Akawu zai ce ku ajiye kawai za a kai wa maigida, ku kuma don kunya sai ku yi godiya ku juya. Kada ku juya. Wannan hatimin shi ne shaidarku cewa hukuma ta sani. Kwafi na uku a ba kansila hannu da hannu, a gaban shaidu. Bayan mako biyu a koma, mutum biyu ko uku, a tambayi sashen da aka tura takardar da sunan jami'in da take hannunsa.

Na san abin da mai karatu zai ce: Malam, a ƙasar nan takarda ba ta aiki sai kana da wani a sama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. An ga sakatariyoyin da ba sa cika sai ƙarshen wata, an ga shugabannin ƙananan hukumomin karkara da suka tare a babban birnin jiha, talaka ya biya kuɗin mota ya zo a ce masa maigida bai shigo ba, ya dawo jibi. Amma mu dubi abin da muka maye gurbin takardar da shi. Da asuba za ka ga ƙofar gidan ciyaman cike da mutane, wannan matarsa ta haihu, wancan kuɗin magani, wancan kuɗin makarantar yara. Ba na zargin mabuƙaci, talauci ba wasa ba ne. Sai dai shugaban da ya raba dubu biyar-biyar ga mutum talatin da safe yana jin ya sauke nauyin jama'a, kuma wanda ya karɓa da safe bakinsa ba zai buɗe da rana ya tambayi inda kuɗin kwalbati ya shiga ba. Ta haka haƙƙi ya koma roƙo, kuma mai roƙo ba ya tambayar lissafi.

Wannan ɗari-ɗari da ofis yana da asali. A zamanin En'e talaka ba ya tunkarar hukuma kai tsaye, sai ta hannun mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, kuma wanda ya tsallake yana iya kwana a hannun 'yan doka. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, a watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala a kan cewa talaka yana da bakin magana. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi irin na yau. Ofis ya canza, amma tsoron shigarsa mun gaje shi, har yau dattijo yakan tuɓe takalmi a ƙofar ofishin da aka gina da kuɗinsa. Sarakunanmu da masu unguwanni suna da amfani ƙwarai, sa hannunsu yana ƙara wa takarda nauyi, amma kasafin kuɗi ba a hannunsu yake ba.

Amsar da aka fi ba masu koke ita ce babu kuɗi, suna can jiha. Shekaru da dama wannan uzuri yana da madogara, domin sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, gwamnoni kuma suka riƙe shi gam. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, wannan kowa ya gani. Duk da haka kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, kuma tun lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi a mulkin Obasanjo ake wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata. Yaron unguwa mai waya a hannu zai iya nemo adadin a intanet. In ciyaman ya ce kuɗin bai iso ba, to ya faɗa a rubuce, sai jama'a su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ta gaba.

Doka ma ta ba mu damar neman wannan amsar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta ce kowa yana iya neman bayani daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma a ba shi amsa cikin kwana 7. In aka hana, ko aka yi shiru, yana da kwana 30 ya garzaya kotu, kuma hanawa ba bisa ƙa'ida ba tana da tarar naira 500,000. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne ta tuna da wanda bai yi karatu ba: yana iya wakilta wani, in kuma ya nema da baki, wajibi ne jami'in ya rubuta ya ba shi kwafi. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, har sai da Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su a watan Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo.

In an yi duk wannan aka ji shiru, akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, marigayi Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ya fara shugabantarta. Tana da ofis a kowace jiha, ba ta karɓar ko kwabo, kuma ikonta ya kai kan ƙananan hukumomi. Amma za ta so ta ga kun bi matakan da ke ƙasa tukuna, kuma ba ta duba abin da ya wuce wata 12 da faruwa. A nan kwafin nan mai hatimi zai yi muku rana. Majalisar dokokin jiha ma tana karɓar koke ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku. Rediyo kuma sai ta zo a wannan gaɓar, lokacin da mai magana zai iya cewa mun kai takarda ranar kaza, ga hatimi, yau wata biyu ba amsa.

Su ma shugabannin ƙananan hukumomi akwai abin da ke wuyansu, kuma ba ya cin kuɗi. A kafa allo a ƙofar sakatariya ɗauke da sunan kowane sashe da aikinsa da lambar wayar da ake ɗauka. A lika kasafin kuɗin shekara da Hausa. A ware rana ɗaya a mako da ciyaman zai zauna a ofis ya saurari jama'a, a kuma ware wa mata nasu lokacin, domin su ne suka fi kowa sanin halin da ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse suke ciki, su ne kuma ba sa iya kutsawa cikin cunkoson maza a ƙofar ofis. Kowane kansila ya kira taron mazaɓa ko da sau ɗaya ne a wata uku.

Ga ƙungiyoyin ci gaban unguwanni kuma, a kula da lokaci. Shekarar kasafin kuɗi tana farawa ne a watan Janairu, ana kuma tsara shi a watannin ƙarshe na shekarar da ta gabace ta. Unguwar da ke son kwalbatinta ya shiga kasafin baɗi, takardarta ta isa sakatariya kafin watan Oktoba, a kuma koma bibiya tun damina ba ta sake faɗuwa ba.