Lauyan Gwamnati Yana Nan, Ina Na Mai Gona?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura tun bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 2021, ya kuma ga inda aikin ya ratsa ƙasar Kazaure, ya san cewa zamani ya zo da buƙatar ƙasa wadda kakanninmu ba su taɓa ganin irinta ba; ga kuma gidaje 1,500 da gwamnatin Malam Umar Namadi ta ɗauki aniyar ginawa a Jigawa, ga faɗaɗa kasuwanni da yanka filaye a gefen garuruwa. Ba na jayayya da alherin waɗannan ayyuka. Abin da ya dame ni shi ne, ranar da za a zauna kan batun diyya, hukuma tana da lauyoyinta na Ma'aikatar Shari'a, ɗan kwangila yana da nasa, amma mai gona ba ya zuwa da komai sai babban yatsansa.

Na taɓa halartar irin wannan zama a ƙofar gidan wani dagaci, aka shimfiɗa tabarmi, ma'aikaci ya buɗe takarda da Turanci yana kiran sunaye. Wani dattijo da aka ƙirga masa ɗorawa biyu da kuka ɗaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ita gonar fa, nawa aka yi mata kuɗi?" Aka ce masa, "Baba, dangwala kawai, mutane na jira." Ya dangwala, ya goge tawadar a gefen tabarma, ya tashi.

Tambayar tasa kuwa tana da amsa, sai dai mai ɗaci ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta gaji ruhin dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962, ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna, ta kuma ba shi iko a sashe na 28 ya karɓe ta saboda maslahar jama'a. Diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa ta abin da mutum ya raya ce a kan ƙasar, wato gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka manomin Gwiwa ko Roni da aka auna gonarsa da rani, bayan an kwashe gero an tara kara, yana iya tashi da abin da bai kai kuɗin amfanin damina guda ba.

Amma dokar nan ba ta bar talaka haka siddan ba, kuma nan ne rashin lauya ya fi yin ɓarna. Ta wajabta a ba mai haƙƙi sanarwa kafin haƙƙinsa ya faɗi. Sashe na 6 ya ce idan gonar noma ce aka karɓe daga mai riƙon gargajiya, lallai ƙaramar hukuma ta ba shi wata a madadinta. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya shar'anta biyan diyya ba tare da jinkiri ba, tare da damar zuwa kotu. Mutum nawa ne a ƙauyukan Babura aka taɓa karanta wa waɗannan da Hausa?

Sa'an nan ga mas'alar gado, wadda ita ce ta fi cin zumunci. Gona ɗaya ta magada goma ce da ba a raba ba, sunan babban wa kaɗai ke cikin takarda, sai tumunin matar mamaci da rabon 'ya'ya mata su narke a aljihu guda, balle wanda ke riƙe da gonar bisa aro ko jingina. Malamanmu ba su yi sakaci da babin haƙƙin ƙasa ba, domin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan sabubban mallakar ƙasa. Kuma Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya faɗaɗa Masallacin Harami a shekara ta 17 bayan Hijira, sayen gidaje ya yi, waɗanda suka ƙi karɓa kuma ya ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka ɗauka.

A ganina, duk aikin gidaje ko sabunta gari da zai taɓa gonar mutum ko katangarsa, a ware kuɗin lauyan jama'a a cikin kasafinsa tun farko, kamar yadda ake ware na siminti, da sharaɗin kada hukumar da ke karɓar filin ta zaɓe shi. A bar zaɓen ga Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ko Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya. Lauyan ya zauna ranar kasuwa a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, da malamin da ya san ilmin fara'ili a gefensa, ya karanta wa kowa takardarsa da Hausa, da boko ko da ajami, kafin a buɗe kwalbar tawada.