Ruwaito Maganar Wani a Turanci: Inda Ɗaliban Gombe Ke Tuntuɓe

Hanya biyu ake bi a kawo maganar wani a Turanci. Ko dai a maimaita kalmominsa yadda suka fito daga bakinsa, a killace su da alamar zancen wani, ko kuma mai ba da labari ya ruwaito abin da aka ce da nasa bakin. Juya ta farko zuwa ta biyu darasi ne da ke bin ɗalibi daga ƙaramar sakandare har zauren jarrabawar WAEC da NECO, kuma sai da kiredit a Turanci ake samun gurbi a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda ta biyo baya a 2011.

Abin da ke fara sauyawa shi ne wakilin suna, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya ji Musa ya ce "zan zo", zai ruwaito cewa Musa ya ce zai zo. Haka I ke komawa he ko she, my ya koma his ko her. Sai dai Gombe gari ne mai harsuna da yawa, kuma a Fulatanci kalma guda, "o", ke tsayawa wa mace da namiji. Yaron da ya tashi da Fulatanci yana buƙatar ƙarin atisaye a nan, ba tsawa ba.

Babbar matsalar tana wajen lokacin aikatau. Malami a wata makaranta a Pantami zai rubuta a allo: Musa said, "I am hungry." Yara da dama za su juya ta zuwa Musa said that he is hungry, alhali amsar da ake so ita ce he was hungry. Ba rashin ƙwaƙwalwa ya jawo haka ba, Hausa ce ke aiki a ƙasan Turancin. A Hausa ana cewa "Musa ya ce yana jin yunwa" ko da bara ya faɗi maganar, "yana" ɗin ba ya motsi. Hausa tana duba ko aiki ya kammala, ko yana ci gaba, ko yana tafe, tana kuma auna shi daga lokacin da labarin ya faru. Turanci kuwa yana aunawa daga lokacin da mai ruwaya ke magana. Don haka idan aka buɗe jimla da said ko told, aikatau na ciki yakan ja da baya taki ɗaya: am da is su koma was, will ya koma would, can ya koma could, went da has gone duka su koma had gone. Waɗanda ba su da wurin ja da baya, irin su would, could, should da might, sukan zauna yadda suke. Ba a taɓa lokacin idan an buɗe da says, kuma ana iya barin sa idan maganar gaskiya ce da ba ta sauyawa, kamar fitowar rana daga gabas.

Kalmomin lokaci da wuri su ma suna juyawa: here ya zama there, now ya zama then, yesterday ya zama the day before, tomorrow ya zama the next day. Akan sa yara su haddace wannan jeri kamar karatun aku, alhali Hausa ta riga ta ba su mabuɗin. Duk mai ba da labari ya san bambancin "gobe" da "washegari". Idan direba a Tashar Dukku ya ce zai tashi gobe, aka isar da saƙon a ranar, goben tana nan daram. Idan bayan mako guda ake ba da labarin, sai washegari ta karɓe ta. Turanci ma haka yake.

A tambaya, Hausa ta ma fi Turanci yawan sauyi. "Ina kake?" takan koma "ya tambaye ni inda nake", "me" ya koma "abin da", "wa" ya koma "wanda". Turanci yakan riƙe kalmar tambayar, amma ya mayar da jimlar bisa tsarin bayani, ya kuma cire alamar tambaya: he asked me where I was, ba where was I ba. Tambayar da amsarta i ko a'a ce tana ɗaukar if ko whether, daidai da "ko" a cikin "ta tambaya ko ya ci abinci". Umarni yana ɗaukar to, hani kuma not to, wato "kada". Akwai kuma said da told: told yana buƙatar wanda aka gaya wa, kamar "gaya wa" a Hausa, shi ya sa he told that da he said me duka kuskure ne.

Amfanin darasin ya wuce jarrabawa. Sakataren ƙungiya da ke rubuta bayanan taro, da ɗan jaridar da ke kawo rahoto daga Gidan Gwamnati, da ɗan sandan da ke rubuta rahoton abin da shaida ya faɗa da Hausa, dukkansu da shi suke aiki. Wakilin suna guda da aka saka ba daidai ba yana iya ɗora magana a kan wanda bai faɗe ta ba.

Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe da sauran wuraren horar da malamai su koya wa ɗalibansu su riƙa buɗe wannan darasi da jimlar Hausa a gefe guda na allo, ta Turanci a ɗaya gefen, kafin a kai ga jadawalin haddacewa.