Direban Rali Ba Maroƙi Ba Ne

Wani ɗalibina ɗan aji uku, mutumin Gummi, ya tsare ni a bakin ofis bayan an tashi daga lacca, ya miƙo mini takarda mai shafi biyu, ya ce, "Malam, don Allah a duba mini Turancin." Na ɗauka aikin aji ne. Ashe wasiƙa ce ya rubuta wa wani attajirin yankinsu, yana neman ya saya masa mota domin ya shiga gasar rali. Shafin farko kacokan yabo ne: uban marayu, gatan talakawa, inuwar da kowa ke fakewa. Sai can ƙasan shafi na biyu aka ambaci motar, ba tare da an faɗi kuɗinta ba, balle gasar da za a shiga da ita. Na ce masa Turancin ba shi da laifi, wasiƙar ce ke da laifi.

Ban yi masa dariya ba, kuma ina roƙon mai karatu kada ya yi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau zuwa Anka, ya wuce Daki Takwas ya nufi Gummi, ko ya ratse zuwa ƙauyukan Bukkuyum cikin watan Agusta, ya san cewa muna da direbobin da suka ƙware a laka da yashi da tsallake kwazazzabo, da ƙaramar Golf mai ɗauke da mutum takwas da buhunan dawa. Ƙwarewar tana nan, wurin nuna ta ne babu. Shi ya sa take ɓullowa a wasan mota na ranar ɗaurin aure, inda samari ke juya sitiyari a tsakiyar jama'a, taya na hayaƙi, yara na shewa. Na halarci bikin da aka tashi daga irin wannan wasa aka nufi asibiti da yaro ɗan shekara tara, kuma har yau da sanda yake tafiya. Saurayin da ya ce yana son ya bar wancan filin ya koma gasa mai doka ya cancanci a saurare shi.

Sai dai da na tambaye shi mene ne rali, ya ce tseren mota ne a daji. Nan kuskuren farko yake. A rali ba a sakin motoci gaba ɗaya kamar dawakin sukuwa. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, da tazarar minti ɗaya ko biyu, kowa da agogo yake kokawa. Akwai zangon da ake rufe hanya a yi gudu, akwai kuma zangon da ke haɗa su, wanda a cikinsa direba ke bin dokar titi kamar kowa. Mutum biyu ne a motar: mai tuƙi, da mai karanta hanya, wanda ke riƙe da littafin da aka rubuta kowace kwana da gada da rami, yana faɗa wa direba abin da ke gaba tun kafin idonsa ya gani. Shi ne kuma mai riƙe da katin lokaci. Wanda ya iso wurin alƙalai a makare a ci shi tara, wanda ya iso da wuri ma a ci shi tara. Wasa ne da ke hukunta gaggawa, abin da ɗan wasan biki bai taɓa ji ba.

Saboda haka mai farawa ba mota ya kamata ya fara nema ba. Ya fara da lasisin tuƙi na gaskiya, wanda aka gwada shi kafin a ba shi. Ya nemi sanin ƙungiyar da ke da hurumin wasannin mota. A duniya ita ce FIA, a Nijeriya kuma ƙungiyar ATCN ce ke wakiltarta. Ya yi aikin sa-kai a duk gasar da ya samu, ko da riƙe tuta ne ko rubuta lokaci, domin a nan ake sanin mutane da dokoki ba tare da an kashe ko kwabo a kan taya ba. Ya zauna a kujerar mai karanta hanya kafin ya zauna a ta direba. Akwai ma nau'in rali da ba ya bukatar gudu ko kaɗan: a ba ka matsakaicin saurin da za ka riƙe, a ce kilomita arba'in a awa, a ɓoye alƙalai a hanya, wanda ya fi dacewa da lokaci shi ya ci. Da motar gida ake yin sa, da agogo da biro. Sai an wuce wannan mataki ake maganar kejin ƙarfe da ake waldawa a cikin mota, da kujera mai ɗamara, da hular kwano, da tukunyar kashe gobara, da farantin ƙarfen da ke kare ƙasan inji daga duwatsu. Waɗannan ne ke cin kuɗi kafin a zo ga ƙara wa inji ƙarfi, kuma wanda ya juya wannan tsari ya fara da inji, to ya tanadi likkafani.

Na ba ɗalibin labarin Joginder Singh, ɗan Kenya mai asalin Indiya. A 1965 shi da ɗan'uwansa Jaswant suka lashe gasar Safari, wadda aka fara tun 1953 kuma ake ɗauka cikin mafiya wuya a duniya. Motarsu Volvo ce ta hannu, wadda aka riga aka yi gasa da ita a shekarar da ta gabata, suka kwance ta suka ɗaure da hannunsu. Manyan kamfanoni sun zo da sababbin motoci da tawagar makanikai, 'yan'uwa biyu suka wuce su. Daga baya kamfanoni ne suka riƙa neman Joginder, ya sake cin gasar a 1974 da 1976 da Mitsubishi. Abin lura shi ne jerin yadda abin ya faru: gareji, sannan sakamako, sannan masu kuɗi.

Yanzu ga batun wasiƙar. Al'adarmu ta san ubangida da bara, ta san maroƙi da mai kyauta. A wannan tsari mai bayarwa yana sayen yabo ne, mai karɓa kuma yana biya da biyayya, ba a rubuta komai, ba a ƙidaya komai, ran da fuskar ubangida ta sauya shi ke nan. Ɗaukar nauyin wasa wani abu ne dabam, ciniki ne. Kamfani yana da abin da yake son jama'a su gani ko su yarda da shi, kai kuma kana da jikin mota da idon 'yan kallo. A 1975 Peugeot 504 ta lashe gasar Safari, a shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Kamfanin bai shiga rali don tausayin direbobi ba. Shaida yake nema cewa motarsa na jure hanyar Afirka. Shiga tashar Gummi yau ka ambaci 504 a gaban tsofaffin direbobi, ka ji irin kirarin da za su yi mata. Wannan suna shi ne hajar da aka saya.

To me ɗan Gummi ke da shi na sayarwa? Fiye da yadda yake zato, muddin ya daina hangen manyan kamfanonin Legas ya dubi kusa. Mai gidan mai na garinsu zai iya ba da lita ɗari a liƙa sunansa a ƙofar mota. Dillalin taya zai iya ba da huɗu, domin idan suka dawo lafiya daga hanyar burji, ya sami hujjar da zai nuna wa direbobin haya. Mai sayar da baƙin mai, da mai walda, da mai gareji, da mai ruwan leda, kowannensu ya fi sauƙin bayar da kaya ko aiki a kan tsabar kuɗi. Mutum biyar masu ƙaramin hannu sun fi attajiri ɗaya, don idan ɗaya ya janye motar ba za ta kwana a gareji ba. Takardar da za a kai musu kada ta wuce shafi guda: ga gasar, ga ranarta, ga kasafin kuɗi dalla-dalla, ga inda sunanka zai fito, ga abin da zan kawo maka bayan an gama. Wannan na ƙarshen shi muka fi sakaci da shi. Ni kaina na taɓa karɓo tallafin wani kamfani don taron ɗalibai, aka yi taro aka watse, ban aika musu ko hoto ɗaya ba. Da na koma wata shekarar, ko kujera ba a ba ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai kuɗin da ya kamata a gudu. Yankin Anka da Bukkuyum ƙasar zinariya ce, kuma mun san abin da ta jawo: gubar dalma ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano ta a Bagega, sannan haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sanya wa Zamfara a 2019 saboda alaƙar da ake zargi tsakanin harkar da 'yan bindiga. Ba duk mai kuɗin zinariya ne ɓatacce ba, amma sunan da ka liƙa a motarka ya zama naka, kuma wajibi ne ka san inda kuɗinsa ya fito. Haka ma ɗan siyasa. Zai saya maka taya a shekarar zaɓe, motarka ta koma allon kamfe, rabin garinku su daina yi maka fatan alheri.

Saura tambaya mafi ɗaci: a ina za a yi gasar? Ba zan yaudari kowa ba, hanyoyin Anka da Bukkuyum a yau ba na rali ba ne. Inda direban haya ke tambayar labarin hanya kafin ya tayar da mota, inda a watan Satumban 2021 aka kai ga rufe layukan waya da kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka, ba za a tsayar da alƙali shi kaɗai da agogo a tsakiyar daji ba. Babu abin kunya a faɗin haka. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda ta tashi a ƙarshen Disamban 1978 ta riƙa ratsa Agadas da hamadar Tenere shekara da shekaru, an soke ta a 2008 bayan kisan wasu Faransawa huɗu a Muritaniya. Ta ƙaura Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ta koma Saudiyya. Idan rashin tsaro ya kori gasa mai wannan ƙarfi daga nahiyar da ta ba ta suna, ina ga tamu da ba a haifa ba? Masu ɗaukar nauyi kuwa su ne farkon masu gudu.

Ƙofar da ta fi kusa da mu tana Kabi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya daɗe da shigar da ralin motoci cikin shagulgulansa. Da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020 bayan kusan shekara goma, hukumar NADDC a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta shirya rali daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka haɗa a Nijeriya. A ganina wannan ya fi kama da baje koli a kan gasa, tunda kamfanoni ne da motocinsu, ba samari da nasu ba. Amma tushe ne, kuma daga Gummi zuwa Argungu ba ta kai tafiyar wuni ba. Da masu shirya bikin za su ware aji guda na 'yan koyo, a fili killatacce, da motocin gida da gasar kiyaye lokaci, da Hukumar Kiyaye Haɗurra a matsayin alƙalai, da an kwashe samari masu yawa daga titin biki. Ba sai an jira gwamnati ba ma: filin sukuwa ko na makaranta, da izinin hukuma, da tsofaffin tayoyi a matsayin alama, da mota ɗaya a fili a lokaci guda, ya isa a fara.

Ɗalibina ya dawo bayan mako biyu da sabuwar takarda. Shafi ɗaya ce, babu uban marayu a ciki. Ya cire attajirin ya sa sunayen shaguna huɗu na garinsu, ya kuma shawo kan wani abokinsa ɗan sashen lissafi ya zama mai karanta masa hanya. Motar da suke magana tsohuwar Golf ce ta kawunsa, wadda ta shekara biyu a kan duwatsu a bayan gida. Na tambaye shi ko ta tashi. Ya ce, "Tukuna, Malam, amma mai walda ya ce in kawo ƙarfe, aikin kyauta ne." Na gyara masa waƙafi biyu na mayar masa da takardarsa.