Kafin a Sake Kafa Turakun Shiroro, Wa Aka Tambaya?

A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. An lalata turakun babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 da ke ɗauko lantarki daga Shiroro zuwa tashar Mando a Kaduna, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka koma dogaro da shi, shi ma ya samu matsala. Kamfanin TCN bai ɓoye dalilin jinkirin gyara ba: injiniyoyinsa ba sa iya shiga dajin sai da rakiyar jami'an tsaro. Dajin kuwa shi ne wannan da ya sarƙe tun daga Shiroro da Chikun har zuwa Birnin Gwari da gandun Kamuku.

Sake gina wannan layi da ƙara masa ƙarfi ya zama dole, ba na jayayya da haka. Damuwata ita ce yadda ake jin ra'ayin jama'a kafin a fara irin wannan aiki. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a nazarci babban aiki tukuna, kuma bisa tsari ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin mai ƙorafi ya rubuto. To, amma wane irin rahoto? Kundi ne mai kauri da Turanci, a ajiye shi a ma'aikatar muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma, a buga sanarwa a jarida. Manomin masara da ke bakin daji bai san an ajiye ba. Makiyayi kuwa ko a lissafi ba ya shiga. Wa'adi ya cika, ba a ji ƙorafi ba, sai a rubuta cewa jama'a sun amince.

Alhali akwai abin da za su faɗa. Layi irin wannan yana cin fili mai faɗin mita 50 a duk tsawonsa, inda ba a gini, ba a barin dogon itace. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 tana biyan diyyar amfanin gona da gini da itatuwa, ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Wanda aka sare wa ɗorawa ko kaɗanya zai karɓi kuɗi sau ɗaya, ya rasa abin da iyalinsa ke ci kowace shekara. Burtali ba shi da takarda, saboda haka ba shi da mai karɓar diyya. Ga kuma abin da ya fi ciwo: wutar da ke kan waɗannan wayoyi ba ta sauka ƙauye sai an gina tashar rage ƙarfi, don haka mutum zai iya tsufa yana jin kukan waya a kan gonarsa yana kunna fitilar batir.

Masu tsara aiki za su ce ina aka ga zaman jin ra'ayi a cikin dajin 'yan bindiga. A da wannan uzuri ne mai ƙarfi. Amma tun sulhun Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru a rufe, manoma da Fulani suna haɗuwa a kara ɗaya ranar kasuwa. Sulhun yana da masu suka, kuma ni ma ban cire shakka a kansa ba. Sai dai inda ake cinikin sa, ana iya shimfiɗa taswira.

A fassara taƙaitaccen rahoton zuwa Hausa da Fulfulde da Gbagyi, a karanta shi a rediyo. A zauna da dagatai da arɗo-arɗo a gaban masarautar Birnin Gwari da sauran masarautun yankin, a nuna musu inda kowane turke zai tsaya, a rubuta amsar kowace tambaya da sunan jami'in da ya amsa. Soja ba zai kwana a gindin kowane turke ba. Wanda zai fara ganin an zo da zarto da daddare shi ne mai gonar da ke wurin, kuma shi ne har yau ba a kira taro ba.