Bolar Turai ba sadaka ba ce

Ƴan'uwa ɗalibai, mu fara da suna. A nan muna cewa bosho, a Kano gwanjo, a Gana kuwa "obroni wawu", wato tufafin Baturen da ya mutu. Mutanen Akara sun zaci sai mutuwa ke raba mutum da kaya masu yawa haka. Ashe mai kayan yana nan da ransa, gundurarsa kawai suka yi.

Kasuwar Kantamanto ta Akara tana karɓar tufafi wajen miliyan 15 kowane mako, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma bola suke ƙarewa, wasu har bakin teku. Wannan shi ake kira taimako?

Ɓarnar ma tun daga gona take farawa. An ƙiyasta cewa ƙaramar riga guda ta auduga tana cin ruwa lita 2,700 kafin ta iso kanti. Bido 108 ke nan, mai lita 25. Ɗan Damagaram da ya taɓa kwana a layin famfo ya san nauyin wannan lissafi. Tekun Aral ma noman auduga ya ƙafar da shi, tun da Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunansa a shekarun 1960. Wadda ba ta auduga ba kuwa, galibi roba ce daga fetur. Ba ta ruɓewa. Ta toshe magudanar ruwa da damina, in an ƙone ta mu shaƙi hayaƙin.

Za a ce: to talaka fa? Gaskiya ne, ni ma wandon da ke jikina bosho ne. Ban zargi mai sayarwa ba, shi ma dila yake saye a rufe, bai san abin da ke ciki ba sai ya kwance. Rigimata da kamfanonin da ke ɗinka abin da ya fi ƙarfin duniya take, su ci riba su bar mu da shara. Ruwanda ta ƙara wa bosho haraji a 2016, Amurka ta hukunta ta a 2018. Mai sadaka yana fushi don an ce an ƙoshi?

Mu ma da namu laifin. Kowane biki sabon anko, a sa sau ɗaya a jefa cikin akwati, alhali masaƙa da marinanmu na mutuwa. Biki na gaba, mu maimaita tsohon anko. Rigar da ta yage, a kai wa tela. Wanda ya yi mana dariya, mu tambaye shi bido nawa ya taɓa ɗauka.