Wai rok kiɗan Turawa ne? To ku zo mu yi ta

Jama'a, yau da ku nake, 'yan uwana 'yan Arewa da ke karatu a nan Legas da sauran makarantun Kudu. Duk wanda ya ce rok kiɗan Turawa ne, ko kiɗan aljanu, ko kuma wai ɗan Arewan da ke jin sa "Legas ta cinye shi", wallahi bai san abin da yake faɗa ba. Na gaji da jin wannan maganar a guruf ɗinmu da ɗakunan hostal. Har ta kai yaro ɗan aji ɗaya yana ɓoye abin da yake ji a wayarsa don kada a ce ya lalace, a kai rahotonsa gida.

Tun farko bari in ware. Wanda ba ya jin kiɗa sam saboda addini, ba da shi nake ba, yana da hujjarsa da malamansa. Da kai nake, kai da wayarka ke cike da Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Asake, kana kwana da iyafis a kunne, amma da ka ji kukan jita a ɗakin wani sai ka hau a'uziyya.

Kwana bakwai na yi ban saurari komai ba sai rok, a hanyar lacca, a layin ɗiban ruwa, har cikin danfo. Ga abin da na ji, kuma da shi zan ba ku amsa.

Wanda ya fi cin lokacina shi ne Mdou Moctar. Buzu ne ɗan Nijar, bahago, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba sa son kiɗa. Ku tuna kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tak, amma ya zaga duniya da shi. Irin wannan zuciyar ce. Yanzu ku riƙe wannan da kyau: albam ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da mawaƙan finafinan Hausa ke yi. A Sakkwato fa, ba Landan ba. Daga nan waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori a faɗin Sahara, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya ji, ya nemo shi. Yau mujallun kiɗa na Turai da Amurka suna lissafa shi cikin manyan masu jita da ke raye. Mutumin da ya fara a situdiyon garinmu, baƙi sun san shi, mu kuma in aka kunna shi sai mu ce "kashe mana wannan hayaniyar ta Turawa". Haba!

Ku nemi Afrique Victime na 2021. Ku fara da "Chismiten", sannan waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta, wadda ta haura minti bakwai. Tana farawa a hankali kamar raƙumi ya miƙe, ganga na ƙara sauri kaɗan-kaɗan, can wajen ƙarshe jitar ta balle gaba ɗaya. Sau uku na maimaita ta ranar Talata, har na kusa wuce inda zan sauka. Kuma ba soyayya ce kawai a bakinsa ba. Maganarsa a kan yadda aka tatsi Afirka ce, shi da ya fito daga ƙasar da aka shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa, alhali ƙauyuka na kwana a duhu. Funeral for Justice na 2024 ya ma fi zafi. In wannan ne kiɗan banza, to a faɗa mini sunan wanda ake yi wa ɗan siyasa don ya ba da mota.

Bombino kuma ɗan Agadas ne, jitarsa ta fi laushi, ta dace da karatun dare. Nomad na 2013 na fi so. Albam ɗinsa Deran ya shiga takarar Grammy, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Tinariwen na Mali, iyayen tafiyar, sun ma ci kyautar a 2012 da Tassili. Ga Etran de l'Aïr, su makaɗan biki ne a Agadas, wato abin da kuke kira kiɗan aljanu da shi ake kai amarya a can. Agadas ɗin nan fa da Hausa ake ciniki a kasuwarta, kuma daga Kano ta fi Legas kusa. To wa ya fi zama baƙo a wurinmu?

Ga masu cewa "ai ba ma jin yaren", na farko, Yarbancin Asake nawa kuke ji? Na biyu, ga Tal National na Yamai. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, jagoransu Almeida ya yi aikin alƙali, kuma akwai kalangu a cikin kiɗan, yana kokawa da jita. Albam ɗinsu na 2018 ma sunansa Tantabara. Saurin kiɗan kamar ana koran ɓarawo a kasuwa. Shi na kunna ina wanki ranar Asabar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, garin nan da muke zaune muna ƙorafin cunkoso da tsadar abinci yana da tarihin rok da ko 'yan garin da yawa sun manta. Ofege yaran sakandare ne, 'yan St. Gregory's College da ke Obalende, suka fitar da Try and Love a 1973. Yara ƙanana, ba su kai shekarunmu ba. Ka saurara ka ji muryar yaro tana rawa, jita na kuka a bayansa, sai ka ji kunyar kanka da kake ganin rubuta asainmen shi ne iyakar wahala. A shekarar dai BLO suka fitar da Chapter One, su uku rak. Daga Gabas kuma The Funkees suka taso bayan yaƙin basasa, samarin da suka ga yunwa da gawa da idonsu, suka ɗauki jita. Ginger Baker, mai gangar Cream, da kansa ya tare a Legas ya buɗe situdiyo, ya yi kiɗa da Fela. Paul McCartney ma a Legas ya ɗauki yawancin Band on the Run a 1973. Su ne suka biyo mu har gida. Akwai tarin waƙoƙin zamanin mai suna Wake Up You!, ku nema. Na kunna Ofege wa wani abokina Bayerabe, ya rantse 'yan Amurka ne, sai da ya ji lafazin Turancin.

Asalin ma rok ɗin wa ya ƙirƙira? Baƙaƙen Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan yankin namu. Sister Rosetta Tharpe, mace, tana kaɗa jitar lantarki tun kafin a san Elvis. Sai Chuck Berry da Little Richard. Jimi Hendrix, shi ma bahago, na saurari "Machine Gun" ɗinsa ta 1970 da daddare bayan an ɗauke wuta. Minti goma sha biyu, yana sa jita ta yi ƙarar bindiga da bam saboda yaƙin Biyetnam. Ba waƙar jin daɗi ba ce, kada ka kunna ta kana cin abinci.

Na san abin da za ku jefo min a kwament: hotunan masu baƙin kwalli da ƙoƙon kai da ƙaho. E, akwai su. Akwai ƙungiyoyin da ke wasa da sunan Shaiɗan don su sayar da faifai, akwai masu batsa, akwai masu tallan ƙwaya, ni ma ba na jin su. Amma ku fassara min kalmomin rabin waƙoƙin da ake kunnawa a daren 'yan Arewa na ƙarshen zango, a gaban ƙannenmu mata, in kun isa. Black Sabbath ɗin da kuke tsoron sunansu, yaran ma'aikatan masana'anta ne daga Birmingham, kuma "War Pigs" zagin masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi ce. Na ji ta sau ɗaya a makon, ta yi min nauyi, na koma Agadas.

Ni dai abin da na ƙi shi ne wannan ɗabi'ar tamu ta zuwa Kudu mu dunƙule wuri ɗaya muna gadin juna, kowa na leƙen wayar kowa. 'Yan ajinmu da yawa dama suna ganin ba mu san komai ba sai shanu da suya. Maimakon mu kunna musu Mdou Moctar mu ce ga abin da ya fito daga situdiyon Sakkwato, sai mu ne kan gaba wajen cewa ba namu ba ne.

Duk waɗanda na ambata suna YouTube. Mai ƙaramin data ya fara da "Chismiten", ba ta kai minti biyar da rabi ba. Ka ji ta har ƙarshe tukuna, sannan ka zo kwament ka zage ni da hujja. Mako mai zuwa Zambiya zan nufa, akwai wasu WITCH da suka yi tashe a shekarun 1970. Kafin wani ya fara a'uziyya, sunan gajarta jimlar Turanci ce kawai, ba mayu ba ne.